Labarin Da Aka Ɓoye Wa Mai Tukunya

SHAFI NA 27

Na ga maganganunku a ƙarƙashin shafin da ya wuce. Wata baiwar Allah har cewa ta yi in sa mota ta buge Manaja kowa ya huta. Haba 'yar'uwa, a hankali dai. Ni ma raina a ɓace yake da ita, amma ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Waɗanda suka shigo yau kuma, ga inda muke. Kamfanin wanki da guga ne, su ke wanke zannuwan gadon otal-otal da na asibiti. 'Yar mai kula da tukunyar tururi ta rasu yana bakin aiki. Aka bugo ofis, Manaja ta ɗauka, ta haɗiye labarin har aka tashi. Kafin ya isa gida dangin matarsa sun kai yarinyar makwancinta. Yau ya dawo daga zaman makoki, mutanensa kuma sun ce ba mai taɓa inji sai an yi magana.

* * *

Shirun ne ya fi damun Manaja. Tun da aka buɗe kamfanin nan ba ta taɓa jin ƙarar fankar ofishinta ba sai yau, don kullum rurin injina ke danne ta. Da ta shigo da safe ta ratsa ta tsakanin kwandunan zannuwan asibiti, jibge har sun fara tsami. Ta gaida mutane, aka amsa mata ciki-ciki.

Ƙofa ta buɗe ba sallama. Mai kamfanin ne, yayanta ciki ɗaya, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya yi mata karatu, ya ɗora ta a kujerar nan. Ya mayar da ƙofar ya jingina da ita.

"Auta, kin riƙe abin da na gaya miki?"

"Na ji, Yaya."

"Ban tambaye ki ko kin ji ba. Maimaita."



"Ban san al'adarku ba. Mu a wurinmu ba a gaya wa mutum rasuwa yana tsaye a gaban wuta, sai an zaunar da shi an nemo babba. Tausayi ne ya sa na yi shiru. Ku yafe ni."

"Shi ke nan. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya."

"Yaya, amma..."

"Amma me? Ƙarya ce? Ba haka muke yi ba? Ranar da Baba ya rasu wa ya gaya miki kai tsaye? Ce miki aka yi jikinsa ya tashi, ki zo gida."

"Haka ne."

"To. Bambancin al'ada ne, ba wanda za a kama da laifi. Asibiti sun bugo tun ɗazu, sun ce in kayansu ba su fita yau ba za su nemi wani wuri. In kwangilar nan ta tafi, masu zaman dirshan ɗin can na ƙasa, da ke, da ni, kowa sai ya kama gabansa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Maganar da muka yi a waya ranar fa? Da na kira ka na ce zan sallami Mai Tukunya ya tafi gida, ka ce in bari tukuna kayan asibiti su fita?"

"Wace waya?"

"Yaya."

"Na ce wace waya?"

Ya ɗago daga jikin ƙofar.

"A bar kaza cikin gashinta, Auta. Goge fuskarki mu sauka."

Abin takaicin shi ne, in ana neman wanda ya san mutanen kamfanin nan ciki da bai, to Manaja ce. Iri uku ne a ƙarƙashinta: 'yan gari irinta, 'yan tudu da suka sauko neman aiki, sai 'yan bakin ruwa. Kowa da yarensa, kowa da abin da yake ɗauka raini ne. Ta san ɗan tudu ba ya son kewaye-kewaye, in ya yi kuskure ka faɗa masa a ido. Ta san ɗan bakin ruwa in ka yi masa haka a gaban mutane ka rasa shi ke nan, sai dai ka ja shi gefe ka fara da tambayar lafiyar iyali. 'Yan gari kuwa su ce maka to, su je su yi abin da suka ga dama.

Ita ta raba faɗan tashar rediyo, ita ta raba na wurin cin abinci. Ita ta kafa dokar ajiye waya a akwati a bakin ƙofa, bayan an kusa ba hammata iska don wani yana dariya a waya da yarensu, wani kuma ya ɗauka da shi ake. Dokar ta kawo zaman lafiya, har yaba mata aka yi. Dokar ce kuma ta sa ranar wayar Mai Tukunya ta yi ta ringi a cikin akwati ba mai ji, har surukinsa ya gaji ya bugo ofis.

Suna sauka daga bene ta ga zaman ya canza. Kullum in an yi taro kowane iri ɓangarensa yake kamawa. Yau 'yan bakin ruwa sun zauna cikin 'yan tudu a kan teburan ninki, kafaɗa da kafaɗa. 'Yan gari ne kawai a tsaye kusa da ƙofar fita, suna ta kallon ƙasa.

Mai Tukunya, ɗan tudu, yana zaune a kan bokitin da aka kife, a bakin ɗakin tukunyarsa. Bai sa rigar aiki ba. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Tukunyar da ke ba injinan guga da na busarwa zafi tana bayansa, a sanyaye.

Mai kamfani ya yi gyaran murya. Mutum ne da Allah ya ba baki, wannan kam ba za a ƙwace masa ba. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, ya ce kamfanin nan gida ɗaya ne, ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sannan ya juya.

"Manaja tana da magana."

Ta matso. Ta faɗi abin da aka koya mata tiryan-tiryan, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Wani ɗan gari mai tura keken kaya ya gyaɗa kai.

"Wallahi haka muke yi. Ni ma da mahaifiyata ta rasu sai da aka sa na ci abinci tukuna."

Wata mai guga 'yar bakin ruwa ta nisa.

"Mu ma ba ma faɗa gatsal. In dai rashin sani ne, ai ya fi dare duhu."

Mutane suka fara motsi. Wani har ya miƙa hannu ya jawo safar hannunsa ta aiki. Mai kamfani ya saki ajiyar zuciya a ɓoye. Saura ƙiris maganar ta wuce a haka.

"'Yata."

Iya Mai Ninki ce. Tsohuwa 'yar tudu, ita ce babba a ɗakin ninki, kuma tana nan tun kamfanin yana da inji ɗaya. Ba ta tashi ba, hannayenta dai ta ɗora a gwiwa.

"Na'am, Iya."

"Zan tambaye ki, ki amsa mini yadda mu muke so, ba kwana-kwana. Shekarar da maigidana ya rasu, ina nake da labarin ya zo?"



"Kina kan teburin nan."

"Wa ya kawo?"

"Ƙaninki."

"Ya ce me?"

"Iya..."

"Ya ce me?"

"Ya ce, mijinki ya mutu, tashi."

"Ke kuma kika yi me?"

"Na yi masa faɗa. Na ce ba shi da imani."

"Madalla, ba ki manta ba. Da na dawo fa?"

Mai kamfani ya sa baki.

"Iya, wannan ai tsohon zance ne, yanzu maganar..."

"Ɗana, ban zo kanka ba." Ko kallonsa ba ta yi ba. "Da na dawo na zaunar da ke a can, bayan injin busarwa. Na ce miki mu a wurinmu labarin mutuwa kayan mai shi ne. Wanda ya ji ya riƙe, kamar ya riƙe wa mutum kayansa ne bai ba shi ba. Na ce miki in ɗa ya rasu, hannun ubansa ne ke fara ɗaga shi, in ba haka ba uban har ya mutu ba ya ɗaga kai cikin mutane. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Kin faɗa."

"Kika ce me?"

Manaja ta runtse ido.

"Na ce na gode, na ƙaru."

"To ranar nan ina nake? Bango ɗaya ne tsakanina da shi. Kin ce kina neman babba. Ni ƙarama ce? Me ya hana ki kira ni?"

Wanda ya jawo safar nan ya mayar da ita a hankali.

Sai a lokacin Mai Tukunya ya ɗago. Mutum ne marar yawan magana, wasu ma ba su san kalar muryarsa ba sai yau.

"Anti."

"Na'am."

"Kin sauko ranar."

"Na sauko."

"Kin kawo mini ruwan sanyi. A kofinki na ofis, ba na ma'aikata ba. Kika ce, Malam ka ci abinci kuwa? Na ce na ci. Kika tsaya kina kallon agogon tukunya, kika ce zafin ya yi daidai? Na ce ya yi. Kika ce sannu da ƙoƙari."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Na ji daɗi ranar, wallahi. Na ce yau Anti ta tuna da ni. Har na ƙara wuta don kayan su fita da wuri, kada in ba ki kunya."

Wata daga cikin masu ninki ta rufe fuska da gefen gyale.

"Lokacin Mamana tana kwance a tsakar ɗaki ana jira na." Haka yake kiran yarinyar, don sunan mahaifiyarsa ya sa mata. "Surukaina 'yan gari ne, mutanenki. Ban ga laifinsu ba. Sun jira iyakar yadda ku kuke iya jira, har aka fara yi musu magana. Da safe da zan fito ban tashe ta ba, don zazzaɓi ya hana ta barci sai gab da asuba. Ta juya wa ƙofa baya. Ƙeyarta na gani, Anti. Ita ce abin da na gani na ƙarshe."

"Ka yi haƙuri, Malam, ka..."

"Ba haƙuri na zo karɓa ba, an ba ni da yawa a gida. Abu ɗaya nake so. Kin san yadda muke yi, ko ba ki sani ba?"

Ta ji idon yayanta a gefen fuskarta kamar zafin dutsen guga. Kalma uku ce kawai, ban sani ba. Ta faɗa ɗazu, bakinta bai karye ba. In ta sake faɗa, ko Iya ta ƙaryata ta, sai a ce mantuwa ce, ɗan Adam ajizi ne. Injina su tashi, kowa ya ci abinci.

Ta dubi mutumin da ke kan bokiti.

"Na sani."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Iya ta ɗaga hannu ɗaya, aka yi shiru.

"To me ya sa?" in ji Mai Tukunya.

"Mataimakinka yana hutu. Ba mai iya riƙe tukunyar sai kai. In ka tafi sai an kashe ta, in an kashe ta kayan asibiti ba za su fita ba. Na ce wa kaina al'ada ce. Na yi ta faɗa wa kaina haka har na kusa yarda. Ban kira Iya ba don na san in ta ji, a take za ta gaya maka."

"Zannuwa ke nan."

"Zannuwa."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Ke kika yanke, ko an sa ki?"

Nan ne fa. Manaja ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka a kan takalmin yayanta. Ta tuna shekarar da ya bar makaranta ya kama wankau a bakin titi don ita ta ci gaba. Ta tuna hannunsa duk ya tsage da sabulu, yana ɓoyewa a aljihu in ya zo ɗaukarta. Duk lalacewar naka, naka ne.

"Ni kaɗai ce."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ba wanda ya sani."

Ta ɗauka yayanta zai yi shiru. Wallahi shirun kawai take nema a wurinsa, ba godiya ba.

Mai kamfani ya ja da baya taku ɗaya, ya dafe ƙirji.

"Ashe haka kika yi?"

Ta ɗago a firgice.

"Ni kika zaunar kika ce mini ba ki sani ba. Kika sa na tsaya a gaban bayin Allah ina rantsuwa a kanki." Ya juya ga ma'aikata, muryarsa har rawa take. "Jama'a, kun ji da kunnenku. Ƙanwata ce, ciki ɗaya muka fito, amma gaskiya ta fi 'yan'uwantaka. A kamfanin nan ba ɗan gari, ba ɗan tudu, ba ɗan bakin ruwa, duk ɗaya kuke a wurina. Wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ni."

Ni mai ba ku labarin nan, sai da na ji kamar in shiga cikin wayar in shaƙo wuyan rigarsa.

Ya miƙa mata tafin hannu.

"Kawo makullan."

"Yaya?"

"Ba Yaya a nan. Daga yau ba kya aiki a kamfanin nan. Kawo."

Ta tsaya tana kallon hannun. Sannan ta laluba aljihun rigar aikinta ta ciro makullan, na ofis, na sito, na akwatin wayoyi, duk a zobe ɗaya. Suka suɓuce mata suka faɗi ƙasa. Ba wanda ya sunkuya ya taya ta. Ta ɗauka da kanta ta sa masa a hannu.

'Yan gari suka sunkuyar da kai. Wasu 'yan tudu suka dubi juna, alamar abin ya yi musu. Mai kamfani ya jefa makullan a aljihu ya tafa hannu sau ɗaya.

"To, an yi hukunci. Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ya jiƙan yarinya. A taimaka a tayar da tukunya, marasa lafiya suna can suna jiran zannuwa."

Mai Tukunya bai motsa ba.

"Ban gama ba, ranka ya daɗe."

"Me kuma ya rage?"

Ya miƙe tsaye. Dogo ne, sai da mai kamfani ya ɗaga kai kafin ya ga fuskarsa. Amma ba shi yake kallo ba, Manaja yake kallo. Ya nuna sama da ɗan yatsa.

"Anti, bangon ofishinki gilashi ne. Daga bakin tukunya ina ganin teburinki."

Ta ɗaga kai ta dubi gilashin.

"Ranar, kafin ki sauko da ruwan nan, na ga kin ɗauki wayar ofis. Na ga kin ajiye kin dafe kai. Sai kika ɗauki jakarki, kika nufo ƙofa da sauri, har kin kama hannun ƙofar. Sai kika tsaya, kika ciro taki wayar kika kira wani."

Mai kamfani ya daina murmushi.

"Kin daɗe kina magana. Kina kuka, kina girgiza kai, kina roƙo. Sannan kika mayar da jakar kika zauna." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Na ɗauka ke aka yi wa rasuwa, Anti. Har na tsaya a gaban wuta na yi miki addu'a, na ce Allah ya ba baiwar Allah nan haƙuri."

Iya Mai Ninki ta miƙe. Masu ninki suka miƙe a bayanta. Mai tura keken nan, ɗan gari, ya matsa a hankali ya tsaya a tsakiyar ƙofar fita.

Mai Tukunya ya tako har gabanta.

"Wa kika kira?"